Ruwan madara ko fari-fari?

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Marusa nan cikin Katsina ta turo tambaya, wai za su yi wa ɗakin ɗiyarta fenti kafin biki, mai fenti ya kawo bokiti biyu, ɗaya ya ce kirim ne ɗaya ofwait, ita dai duka fari ta gani, amarya kuma ta kafe sai ruwan madara. "Malam a Hausa akwai bambanci ne, ko duk kanwar ja ce?"

Hajiya akwai bambanci mana, kama da wane ai ba wane ba ce. Bahaushe in zai raɗa wa launi suna yakan jingina shi da abin da ido ya saba gani ne, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan hoda, har ruwan omo da ya shigo daga baya. To ruwan madara fari ne da ya ɗan sirka da rawaya kaɗan, shi ne kirim ɗin nan, kuma shi ɗiyarki ke nufi. Kada mai fenti ya ruɗe ki da ruwan ƙwai, wannan rawaya ce sosai irin ta gwaiduwa.

Ɗayan kuma ni fari-fari zan ce masa. In aka maimaita sunan launi haka to rage masa ƙarfi aka yi, kamar baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, wato ya doshi fari amma bai kai ba, galibi ya ɗan karkata wajen toka. Wanda ya kai shi ake ce ma fari fat ko fari tas ko fari sol, mu nan ma hwari tas za ki ji tsofaffi na cewa, kuma wallahi ya fi daɗi a kunne.

Sai dai kada ki yanke hukunci daga cikin bokiti, fenti in ya bushe yana sauya kama. Ki sa ya shafa kowanne kamar faɗin faranti a bango guda, kusa da juna, ki duba da hantsi, ki kuma dubawa da dare an kunna ƙwan lantarki, don farin ƙwan nan na sola yana sa fari-fari ya yi kamar ɗakin asibiti. Ga ƙurar hunturu kuma, jar ƙurar nan ta fi saurin nunawa a jikinsa, ruwan madara yana ɗan ɓoye ta. In labulen da kujerun amarya masu ruwan ƙasa ne ko ruwan gwal, ni dai da kirim ɗin zan ce ku ɗauka.