Ka karanta kwangilar har ƙarshe kafin ka ruga kotu

Kai yaro, tambayar da ka min jiya, wai kamfani ya karɓi kaya ya ƙi biya ko ka shigar da ƙara kawai, wallahi fama min tsohon miki ta yi. Yadda ake rubuta takardar neman biya da lissafin wa'adin shigar da ƙara ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai san wannan ba me ya kai shi sa baƙar riga.

Ina shekara huɗu da fara aikin lauya wani ɗan kasuwa ya shigo ofis yana huci da kwangila mai shafi 40 a hannu, wai yau-yau yake so a maka su kotu. Ni kuma ga zumuɗi, na duba wajen kuɗi da ranar biya na rufe fayil. Lauyan ɗaya ɓangaren wani dattijo ne mai gilashi a kan hanci, ko maganar bashin bai taɓa ba, takarda ɗaya tal ya shigar yana nuna shafi na 37 inda aka ce duk saɓanin da ya taso sai a gaban masu sasanci, abitireshan kenan. Na yi taurin kai na ja da shi, wata 14 muna zarya yau a ɗage gobe a ɗage, ranar da aka yanke ko minti biyar alƙali bai yi ba ya dakatar da shari'ar. Ashe mutumin nawa tuni ya zagaya ta bayan fage sun shirya, ya karɓi rabin kuɗinsa, da na je karɓar haƙƙina sai ya dube ni ya ce ai Barista ba ka ci shari'a ba. Ba mu rubuta komai kan ladan aiki ba, da baki muka yi. Har yau fayil ɗin na cikin durowata, in na gan shi raina ɓaci yake.

Wannan sakin layin na sasanci a kwangila ba ado ba ne. Yarjejeniyar Niyok ta 1958 da ƙasashe sama da 170 suka shiga ta ɗora wa kotuna su tura masu irin wannan kwangila wajen sasanci in ɓangare ɗaya ya nema. Irin wannan sakin layin ne ya ja Najeriya Landan a rikicinta kan kwangilar iskar gas da kamfanin P&ID, bashi ya kai kusan dala biliyan 11, sai a ƙarshen 2023 kotun can ta soke hukuncin masu sasancin saboda cin hanci.

Ku kuma 'yan yanzu karatu ne ba ku so, komai ChatGPT. A 2023 an ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 a Amurka don sun kawo wa kotu shari'o'in da ba a taɓa yi ba, waɗanda ChatGPT ya ƙago musu.

Gobe ka zo min da kwangilar ka ja layi ƙarƙashin dokar wace ƙasa aka zaɓa da inda za a zauna sasancin. Kuma kar ka buga ko harafi sai mai kayan ya sa hannu kan kuɗinmu.