Amsa ga 'yar ƙanena malamar firamare kan koya wa yara kyauta

'Yata, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayarki kan yadda iyayenmu suke koya wa yara kyauta a lokacin bukukuwa, tunda kina son 'yan ajinki, Musulmi da Kirista, su haɗa wani abu don mabuƙata kafin hutun ƙarshen shekara.

A gidajenmu na nan Jos ba a zaunar da yaro a yi masa wa'azin sadaka, aikensa ake yi. Ranar jajibirin ƙaramar Sallah maigida yakan tara yara su tsaya yana auna zakkar fidda kai, mudu huɗu na mudun Annabi (SAW) a kan kowane mutum, yana kiran sunan kowa har jaririn da ke goye, sannan a ɗora wa yaro ya kai gidan da aka ce kafin a tafi idi. Da babbar Sallah ma yara ne ke zagaya unguwa da naman layya. Ranar Kirsimeti kuwa kwanukan shinkafa da cincin ne ke shigo mana, kuma maƙwabta Kirista da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu dabba don kowa ya iya ci. Rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya sun raba unguwanni, har yau akwai yaron da bai taɓa kai kwano gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, abin da ke ci mini rai matuƙa.

Saboda haka kada ki rubuta wa iyaye takardar neman kuɗi, domin abin da uba ya zaro daga aljihunsa sadakar uba ce. Ki bar kowane yaro ya kawo daga nasa, ko kaɗan daga kuɗin kashewarsa, ko rigar sanyin da ta yi masa kaɗan, don kin san yadda hunturun Disamba yake a Filato ga almajiri da maraya. A zuba a kwali rufaffe, kada a kira sunan wanda ya fi kawowa, saboda a ajin nan akwai wanda bai karya ba ya taho.

Hoto kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, Linjilar Matiyu 6:3 kuma ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi, don haka babu iyayen da za su ga laifinki in kin hana ɗora fuskar mabuƙaci a Facebook.

Ranar kaiwa ki tafi da su da ƙafarsu. Ki koya musu su yi sallama, su durƙusa su gaida manya, su miƙa da hannu biyu su ce "an ce a kawo", kuma su tashi ba tare da jiran tukuici ba. Ki gaida maigidanki da yara.

Gwaggonki.