Amsa ga Maman Abba kan yaron da ya kusa cika 22

Salamu alaikum, Maman Abba ina wuni, ya yara? Yanzu na saurari muryarki, na ce bari in amsa a nan gurup ko wata ma ta amfana. Kin ce Alhaji na jiran gayyata ta Express Entry don samun zaman dindindin a Kanada, ga babban ɗanku saura wata biyar ya cika 22, yana jami'a, kina tsoron a tafi a bar shi.

To tun Oktoban 2017 dokarsu ita ce wanda bai kai 22 ba kuma ba shi da aure, shi ake lissafawa a ƙarƙashin iyaye. Zancen ai ɗalibi ne mu ke biya masa kuɗin makaranta, wannan sun cire shi tun 2014, kar wani ejan ya ruɗe ki da shi. Abin da zai cece ku shi ne ranar da ake kulle shekarun yaro, wato ranar da IRCC, hukumar shige da fice ta Kanada, ta karɓi cikakkun takardunku, ba ranar da Alhaji ya buɗe furofayil ba fa, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. In takardun sun shiga yana 21, ko saura kwana ɗaya ne ya cika 22, shikenan, ko aikin ya ɗau shekara ba komai. Idan ta hanyar lardi kuka bi, kamar Manitoba, ranar da lardin ya karɓi cikakkun takardun ce. Bayan gayyata kwana 60 kawai ake bayarwa a miƙa takardun, don haka fasfo ɗinsa da takardar haihuwa da takardar 'yan sanda, tunda ya wuce 18, duk a haɗa su yanzu, a kuma tambayi IOM Abuja, ofishin hukumar ƙaura ta duniya, yadda layin gwajin lafiya yake.

Sai maganar ƙanwarsa mai 20 da kika ce ana son kawo kuɗin gaisuwa. Don Allah ku zauna da dangi ku yi shawara, shekaru ake kullewa, aure ba a kulle shi, in aka ɗaura kafin ku samu zaman ta fita daga lissafi.

Wanda ya kai 22 ko ya haura ƙofa ɗaya ce gare shi, sai in yana da lalura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ta hana shi riƙe kansa, kuma tun kafin 22 iyaye ke ɗauke da shi. Mu ta nan muka bi da namu yana 24. Wallahi na tuna daren da na zazzage ledar katunan asibitinsa a kan tabarma, wasu duk sun koɗe, ina jera su shekara-shekara har aka kira asalatu, ga rasit na magani, ga wasiƙar likitan da ke duba shi tun yana goye. Kuma za su auna nauyin da jinyarsa za ta ɗora wa asibitocinsu, wannan sai da muka nemi lauya mai lasisi.

Abin da nake roƙonki, kar a je kotu a yi rantsuwar rage masa shekaru, kar kuma a ɓoye shi a fom da sunan daga baya a ɗauko shi. In suka kama ƙarya shekara 5 za su haramta muku shiga, wanda ba a ambata ba kuma ɗauko shi daga baya babbar wahala ce. Ko ba zai bi ku ba a rubuta sunansa. Ki turo min ranar haihuwarsa ta gefe mu ƙirga kwanakin tare, ki gaida Alhaji.