Me ya sa ƙanƙara ke zama a kan Dutsen Kilimanjaro?

Malam, ka tambaya yadda aka yi ake samun ƙanƙara a kan Kilimanjaro alhali yana Tanzaniya, dab da layin da ya raba duniya biyu, inda rana ke dukan mutum ba sassauci. To, sirrin yana wajen tsayi. Ƙololuwarsa da ake kira Uhuru ta kai mita 5,895, babu dutsen da ya kai shi a Afirka. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Ka lissafa da kanka daga garin Moshi da ke gindinsa, za ka ga kafin ka kai sama ruwan gorarka ma ya daskare.

Shi ya sa mai hawa yake ratsa duniyoyi daban-daban cikin 'yan kwanaki. A ƙasa gonakin ayaba da kofi na mutanen Chagga, sai dajin da hazo ke lulluɓewa, ganye na ɗigar ruwa, sannan fili fetal mai duwatsu da tsakuwa, ko ciyawar kirki babu. A can sama iska ta yi ƙaranci, taku goma sai ka tsaya haki.

Asalinsa dutse ne mai aman wuta, mai kawuna uku: Shira da Mawenzi sun mutu, Kibo kuwa barci kawai yake yi.

Amma fa ƙanƙarar tana ƙarewa. Daga 1912 zuwa yau fiye da kashi 80 cikin 100 nata ya tafi.