Tambaya da Amsa: Faifan Sabar Ya Cika Babu Dalili, Fayil Kuma Ya Ƙi Buɗuwa

Wasiƙu uku da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi jakar tarayya, wato jakar da ke zaune a kan sabar guda (babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis), ma'aikata da yawa suna shiga cikinta ta netwok daga kwamfutocinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne nake kula da kwamfutocin ƙaramin ofishinmu, ko da yake ba shi ne ainihin aikina ba. Mun sa faifai mai terabayit 4 a sabar mai amfani da Linux, muna raba jakarsa ta manhajar Samba zuwa kwamfutocin Windows. Tun ranar farko 3.6 ya nuna mana maimakon 4. Yanzu kuma yana cewa ya cika, alhali da na haɗa nauyin dukkan jakunkunan daga kwamfutata ban samu ya kai terabayit 2.5 ba. Na goge tsofaffin bidiyoyi na kimanin gigabayit 150, amma sararin bai ƙaru ko kaɗan ba. Shin faifan ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Babu abin da ka faɗa da ke nuna lalacewar faifai, kuma batun 3.6 ɗin ma lissafi ne kawai. Masu ƙera faifai suna ƙirga terabayit ɗaya a matsayin bayit 1,000,000,000,000, ita kuwa Windows tana ninkawa ne da 1,024 a kowane mataki, saboda haka faifan terabayit 1 yake fitowa kusan gigabayit 931, na terabayit 4 kuma kusan 3.64. Babu bayit ko ɗaya da ya ɓace a nan.

Sauran matsalar kuwa ba za ka gano bakin zarenta daga kwamfutarka ba, domin adadin da Windows ke nunawa a ƙarƙashin jakar tarayya ba ita ta auna shi ba, tambayar sabar ta yi ta maimaita abin da aka faɗa mata. Haka kuma jimillar da ka haɗa ta ƙunshi jakunkunan da asusunka ke da izinin gani ne kaɗai, duk jakar da aka hana ka shiga ko aka ɓoye ba ta cikin lissafin. Don haka ka zauna a gaban sabar ɗin da kanta, da ikon babban mai kula, wato asusun da ke da cikakken iko a kan sabar, ka gudanar da umarni biyu: df -h, wanda ke tambayar tsarin fayil yawan gurbin da aka cinye, da kuma du -sh a kan jakar, wanda ke bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana tara nauyinsu. Yadda amsoshin nan biyu suka dace ko suka saɓa shi ne zai nuna maka inda za ka nufa.

Idan sun dace da juna, dukansu suna cewa faifan ya cika, to fayilolin suna nan, kai ne ba ka ganin su daga Windows. Abu na farko da nake zargi a irin wannan hali shi ne kwandon shara na sabar. Kwandon sharar da ke kan kwamfutarka ba ya karɓar abin da aka goge daga jakar tarayya, shi ya sa masu saita Samba da yawa sukan kunna nata kwandon, wanda ke mayar da duk abin da aka goge zuwa wata ɓoyayyiyar jaka da galibi ake kira .recycle, na'urorin ajiya na Synology kuma suna kiran tasu #recycle. Idan babu wanda ya tsara lokacin kwashe wannan jaka, to duk abin da ofishin ya goge tun ranar da aka kafa sabar yana jibge a cikinta, har da bidiyoyinka na gigabayit 150, waɗanda wuri kawai suka sauya a kan faifai ɗaya.

Idan kuwa df ya ce an cika amma du ya kawo adadi mai ƙasa da haka sosai, akwai dalilai uku da aka fi cin karo da su. Na farko, a Linux goge fayil yana cire sunansa ne kawai, gurbinsa ba ya dawowa sai manhajar ƙarshe da ke riƙe da shi a buɗe ta sake shi, saboda haka fayil ɗin rajistar ayyuka da ya kumbura, aka goge shi alhali manhajarsa na ci gaba da rubutu a ciki, zai ci gaba da cin wuri ba tare da du ya gan shi ba. Umarnin lsof +L1 yana jero irin waɗannan fayiloli tare da manhajar da ke riƙe da su, kuma sake kunna wannan manhaja ɗaya ya wadatar. Na biyu, idan tsarin fayil ɗin ZFS ne ko Btrfs, ana iya samun hotunan baya, wato adanannen yanayin faifan na wani lokaci da ya wuce, kuma muddin akwai hoton da ke ɗauke da fayil, goge shi ba ya sakin gurbinsa. Irin wannan ne sabar Windows ke yi da kwafin da take ajiyewa domin dawo da tsohon yanayin fayil. Na uku, wanda ya fi wuyar ganowa, shi ne bayanan da aka rubuta cikin wata jaka a lokacin da faifan da ya kamata ya maƙale a kanta bai maƙale ba, daga baya faifan ya dawo ya rufe su, suna cin wuri a faifan ƙasa babu mai ganin su.

Akwai kuma wani bayani da ya dace da adadin da ka ambata, har ina so ka duba shi da wuri. Tsarin fayil na ext4, wanda ake yawan amfani da shi a Linux, yana keɓe kashi 5 cikin 100 na faifai ga babban mai kula tun lokacin tsara shi, wanda a faifanka ya kai kusan gigabayit 186 a ƙirgar Windows. Idan wani aiki mai cikakken iko, kamar kwafin ajiya na dare, ya ci gaba da rubutu har ya cinye wannan keɓaɓɓen kaso, to duk abin da ka goge zai fara cike gurbin kason ne tukuna, sauran ma'aikata kuma za su ci gaba da ganin sifili har sai gogewar ta wuce 186. A faifan da bayanai kaɗai ke kansa, ba tsarin kwamfutar ba, ana iya rage kason zuwa kashi 1 da umarnin tune2fs -m 1, amma ka fara gano abin da ya cika faifan, in ba haka ba sabon sararin ma zai bi sahun na farko cikin 'yan kwanaki.

Abubuwa biyu a taƙaice. Idan an sanya wa asusunka iyakar kaso, Windows tana iya nuna maka ragowar kasonka a matsayin ragowar faifan. Idan kuma a cikin jakar tarayyar akwai ƙaramar jaka da ke kan wani faifai dabam, adadin da ake nunawa na faifan da tushen jakar ke kansa ne, kuma Samba tana da saitin dfree command domin gyara wannan rahoto.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aiki a sashen lissafi, kuma muna da fayil ɗin Excel guda da mu huɗu muke shiga cikinsa a jakar tarayya. Sau da yawa idan na zo buɗe shi sai ya ce wata abokiyar aikina ta kulle shi tana gyara, sai dai in karanta kawai, alhali ta tashi tun jiya kuma kwamfutarta tana cikin jakarta. Wani ya ba mu shawarar mu riƙa kashe sabar muna kunnawa. Shin hakan daidai ne?

Amsa: Barka kadai, Malama. Ban goyi bayan wannan shawara ba ko kaɗan. Kashe sabar zai cire kullen, amma zai yanke kowa da ke tsakiyar rubutu a wani fayil a daidai wannan lokaci, kuma ta haka ake lalata takardun da ba ruwansu da matsalar, a garin gyaran gira a rasa ido.

Kulle iri biyu ne ke aiki a nan, kuma ya kamata a bambanta su. Na farko na Office ne: idan aka buɗe fayil, manhajar tana ƙirƙirar wani ƙaramin ɓoyayyen fayil a gefensa, wanda sunansa ke farawa da alamomin ~$, a cikinsa take rubuta sunan wanda ya buɗe, kuma daga nan ake ɗauko sunan da kike gani a saƙon. LibreOffice ma tana yin irin haka da fayil mai farawa da .~lock. Idan aka rufe manhajar yadda ya kamata ana goge shi, idan kuwa ta tsaya cak ko netwok ya yanke, sai ya saura, har ya zama ana ɗora wa mutum laifin kullen da wani ne yake riƙe da shi yanzu. Saboda haka kada ki yi saurin yarda da sunan. Kulle na biyu, wanda shi ne na gaske, yana hannun sabar, domin a ƙa'idar SMB, wadda Windows da Samba ke raba fayiloli da ita, duk mai buɗe fayil yana bayyana ko ya yarda wasu su yi rubutu a cikinsa tare da shi, sabar kuma tana tilasta wannan sharaɗi har sai an rufe fayil ɗin ko an tabbatar haɗin ya mutu. Wanda ya rufe murfin kwamfutarsa ya tafi ba tare da ya rufe Excel ba, bai sanar da sabar cewa ya gama ba, kuma tana iya ɗaukar lokaci kafin ta yanke hukuncin cewa ba zai dawo ba.

Mai kula da sabar ɗinku zai iya ganin gaskiyar cikin minti ɗaya. A sabar Windows, umarnin fsmgmt.msc yana buɗe shafin da ke jero fayilolin da ke buɗe da asusun da ya buɗe kowanne, a PowerShell kuma Get-SmbOpenFile yana nuna har adireshin kwamfutar, Close-SmbOpenFile kuma yana rufe wannan fayil ɗaya kaɗai. A Samba, smbstatus -L ne ke ba da wannan jeri. Idan jerin bai nuna kowa ba, ragowar fayil mai ~$ ce ke ruɗa ku, kuma goge ta ba shi da haɗari. Idan ya nuna kwamfutar da ba ku zata ba, a duba ko mai ita ya bar gefen leƙen fayil na Explorer a buɗe, domin danna fayil sau ɗaya kawai a wannan yanayi yana iya riƙe shi, haka ma manhajar kashe ƙwayoyin cuta ko ta kwafin ajiya sukan riƙe fayil na ɗan lokaci.

Sai dai kafin a rufe fayil da ƙarfi, a tuntuɓi abokiyar aikin naki. Idan akwai gyaran da ba ta adana ba a kwamfutar da ke barci, kullen shi ne yake kare aikinta, kuma idan kika shiga kika canja fayil ɗin, ranar da ta dawo aikin ɗayarku zai iya shafe na ɗayar. Abin da ya fi aminci shi ne ta adana nata da sabon suna, ku haɗa gyare-gyaren daga baya.

Za ku iya cin karo da masu cewa a kashe abin da ake kira oplocks gaba ɗaya. Wannan izini ne da sabar ke ba kwamfuta ta riƙe bayanan fayil a wurinta domin sauri, da sharaɗin za ta mayar idan wani ya nemi fayil ɗin, kuma sabar Windows tana jiran daƙiƙa 35 kafin ta haƙura da kwamfutar da ta ƙi amsawa, abin da ke bayyana doguwar tsayawar da ake gani wani lokaci wajen buɗe fayil. Kashe shi ga kowa yana rage saurin jakar, kuma ba ya warkar da yankewar netwok da ta haifar da jiran. Idan ku huɗu kuna buƙatar rubutu a lokaci guda kullum, to aikin ya fi ƙarfin fayil ɗin Excel da ke jakar tarayya, yana buƙatar rumbun bayanai ko manhajar da aka gina domin gyaran haɗin gwiwa.

Tambaya: Malam, a jakarmu ta NFS, wato hanyar raba fayiloli tsakanin kwamfutocin Linux da Unix, wasu fayiloli masu farawa da .nfs suna bayyana, idan na goge su sai su dawo. Kuma muna shirin buɗe jakar ga masu Windows ta Samba, mu ajiye ƙaramin rumbun bayanai na SQLite a ciki.

Amsa: Waɗannan fayiloli ba cuta ba ce, Malam. Idan aka goge fayil a jakar NFS alhali wata manhaja a wannan kwamfutar tana riƙe da shi, kwamfutar tana sauya masa suna zuwa .nfs da dogon jerin lambobi da haruffa domin manhajar ta ƙarasa aikinta, kuma yana ɓacewa da kansa idan ta rufe shi. Ka gudanar da lsof ko fuser a kan kwamfutar da ta yi gogewar, ba a kan sabar ba, ka rufe manhajar da suka nuna.

Shirin da ka ambata na Samba da SQLite shi ne nake jin tsoro. Kulle a tsarin Unix na yarjejeniya ne, manhajar da ba ta tambaya ba tana iya rubutu a kan fayil ɗin da wata ta kulle, alhali a Windows tilas ne, kuma idan jaka ɗaya tana fita ta hanyoyi biyu, ba lallai kowane ɓangare ya ga kullen ɗayan ba. A sigar NFS ta 3 ma kullen wata hidima ce ta daban da ke gefen ƙa'idar, sai a ta 4 aka shigar da shi ciki, da wa'adin riƙe kulle da sabar Linux ke sanyawa daƙiƙa 90 idan ba a sauya ba. Masu SQLite da kansu sun yi gargaɗi a takardunsu cewa kulle a tsarin fayil na netwok yana iya gazawa ya lalata rumbun. Ku zaɓi hanya ɗaya ta rubutu ga kowace jaka, ɗayar ta zama ta karatu kawai, rumbun kuma ku mayar da shi PostgreSQL ko MariaDB, manhajojin rumbun bayanai da aka gina domin masu amfani da yawa, a kan sabar, kwamfutocin su riƙa magana da shi kai tsaye ta netwok.