Na sauke motata ƙasa, yanzu tana bugu tana ƙwacewa a kwana

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Golf 5 GTI. Kwanakin baya na kai ta gareji a sauke min ita ƙasa. Bakaniken ya yanke zagaye biyu-biyu daga sifirin ɗin gaba, na baya kuma ya kai wa mai walda ya gasa su da wutar gas har suka zauna. Motar ta sauka kusan santimita 6, kuma ta yi kyau a ido. Amma tun daga ranar ban ƙara jin daɗinta ba. In na taka ɗan gargada sai ta buga da ƙarfi, sitiyari yana fizga da kansa, tayoyin gaba sun cinye ta ciki. Abin da ya tayar min da hankali shi ne makon jiya ana yayyafi bayanta ya ƙwace min a kwana, iyalina suna ciki, Allah ne Ya kiyaye. Bakaniken ya ce haka motocin tsere suke, in sayi shokazoba mai tauri kawai. Gaskiya ne, ko akwai abin da ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mun gode wa Allah da abin ya tsaya a tsorata. Kada ka sake ɗaukar iyali a motar nan, kai ma kada ka hau babban titi da ita, har sai an cire waɗannan sifirin huɗu an zubar. Shokazoba mai tauri ba zai warkar da komai ba, domin ba daga nan ciwon ya faro ba.

Wannan magana ta bakanikenka, wai haka motocin tsere suke, babu maganar da ke ƙona min rai a sana'ar nan kamarta, kuma da wuya gari ya waye rana ta faɗi ban ji ta ba. An cusa wa mutane cewa duk yadda mota ta kusanci ƙasa ta kuma yi tauri, haka take ƙara riƙe titi. Taya ce ke riƙe mota, ita kuwa taya ba ta riƙe komai sai tana manne da kwalta da nauyi a kanta. Aikin sifirin da shokazoba ke nan, su bar taya ta hau ta sauka tana bin fuskar titi, bodi kuma yana zaune. Kai an ƙwace wa tayarka santimita 6 daga filin da take da shi na hawa sama, a motar da kamfani ya riga ya sauke kimanin milimita 15 ƙasa da Golf ta gama-gari. Akwai wata roba a kan sandar shokazoba da aka sa don ta tare bugu na ƙarshe in an faɗa rami mai zurfi. Ina kyautata zaton a kanta motarka take zaune yanzu, ko dab da ita, kuma bugun da kake ji ke nan. Da zarar ƙafa ta kai ga robar sai taurinta ya ninka nan take, bodi ya yi sama, nauyin da ke danne taya ya ragu na ɗan ƙiftawar ido. A miƙaƙƙen titi ƙugunka ne zai sha wahala. A tsakiyar kwana, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, abin da ka gani makon jiya ne zai faru.

Wanda ke fakewa da motocin tsere, da ya san su da bai faɗi haka ba. Waɗanda suke ƙasa sosai a kan fili mai santsi suke gudu, kuma tun daga zane aka yi musu ƙafafu da gajerun shokazoba daidai da wannan tsayin. Motocin rali da ke bin turɓaya ɗaga su ake yi a ba taya doguwar hanya. A filin Nürburgring na Jamus, wanda tsohon zagayensa ya haura kilomita 20 kuma ya cika da hawa da gangara da gargada, masu saitin mota sukan ɗan ɗaga ta su sassauta ta fiye da yadda za su yi a fili mai santsi. In ruwa ya sauka ma sassautawa ake yi. To in masu neman daƙiƙa ɗaya da kuɗin duniya suna barin taya ta motsa, wane ne mai yanke sifirin da giranda da zai ce maka tauri shi ne gudu?

Mu duba abin da girandar ta yi. A ce sifirin yana da zagaye 6 masu aiki, aka cire 2. Taurinsa ya ƙaru da rabi ke nan, alhali shokazoban da ke tare da shi don tsohon taurin aka yi shi, saboda haka ba zai iya kwantar da shi ba, sai mota ta riƙa tsalle bayan kowane tudu. Bakin sifirin kuma siffa gare shi da ta dace da mazauninsa. Wanda aka yanke ba ya zama daidai, yana cin robar mazauni, kuma fentin da ke kare shi daga tsatsa ya tafi a wurin yankan.

Na bayan da aka gasa sun fi ba ni tsoro. Ƙarfen sifirin ana gyara shi ne a masana'anta da zafi da aka auna, a ba shi halin komawa yadda yake duk lokacin da aka danne shi. Harshen wutar gas ta walda ya haura digiri 3,000, kuma tun kafin ƙarfen ya gama yin ja wannan halin ya riga ya mutu a wurin. Zagayen da suka sha wuta sukan manne da juna su daina aiki, su ci gaba da zama a hankali wata bayan wata, wani lokaci su tsage. Mai walda da ido yake auna aikinsa, don haka babu yadda za a yi na hagu da na dama su fito iri ɗaya. Mota ta zama kamar tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, taya biyu da ke kusurwa da kusurwa sun ɗauke nauyin da ya fi nasu, sai ka ji kwanar hagu daban ta dama daban. Ga kuma abin da ya keɓanta da motarka: a bayan Golf 5 sifirin daban yake da shokazoba, nauyin mota ne kawai ke riƙe shi a mazauninsa. In ya gajarta, ranar da taya ta sauka har ƙarshe a kan wani tudu yana iya gocewa ko ya fice gaba ɗaya. Na ga motoci da aka jawo da janwe saboda wannan. Mai yin irin wannan aiki ya karɓi kuɗi, ya kuma ce wa mai mota ya je ya gwada, wasa yake yi da ran mutane ko ya sani ko bai sani ba, kuma rashin sani ba uzuri ba ne ga wanda ya buɗe gareji.

Fizgar sitiyari da cin taya kuwa daga kusurwar ƙafafu suke. Gaban motarka tsarin MacPherson ne, wato sifirin da shokazoba a haɗe suke wuri ɗaya. A tsayin kamfani, hannun ƙasa, wato ƙarfen da ya haɗa taya da jikin mota ta ƙasa, yana kwance kusan miƙe, ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya. In an sauke mota da yawa sai ya juye yana hawa zuwa wajen bol-joyin, wato gaɓar da ta haɗa shi da taya. A nan wurin da bodi ke dogara in zai karkata yakan faɗi ƙasa fiye da yadda cibiyar nauyi ta sauka, sai motar ta fi son kwanciya gefe a kwana, akasin abin da aka sauke ta dominsa. Tayarod, sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, shi ma ya bar kusurwarsa, duk lokacin da taya ta hau sai ya ja ta ciki ko ya tura ta waje. Cin taya ta ciki mutane sukan ɗora wa kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje, amma yawanci buɗewar bakin tayoyin ne ya fi yin ɓarnar, kuma na lura ba ka ambaci an yi alaimen ba bayan aikin.

Ga abin da za ka yi. Ko dai ka mayar da sifirin na asali, ko ka sayi waɗanda aka ƙera don saukarwa, irin na Eibach ko H&R, ka tsaya tsakanin milimita 20 zuwa 30. Ka haɗa su da gajeren shokazoba da aka yi don wannan aiki, kamar Bilstein B8. Tsofaffin shokazobanka a duba su, mai yiwuwa sun fara yoyon mai bayan dukan da suka sha, haka ma robobin tare bugu, mazaunin sama, bol-joyin, da robar shaf. In koyiloba kake so, wato ƙafa mai zare da ake murɗawa a saita tsayin mota, irin na KW ko Bilstein, takardarsu tana faɗin iyakar saukarwa, kada ka bari kowa ya wuce ta wai don akwai sauran zare.

Wajen ɗauri, kusoshin bushin, wato robobin gaɓoɓin ƙafa, ba a gama ɗaure su mota na rataye a kan jak, sai nauyinta ya dawo kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Tsayi kuma daga tsakiyar rim zuwa bakin madgad ake aunawa, a daɓe mai daidai, da iskar taya daidai, hagu da dama su zo ɗaya. Ka yi 'yan kwanaki kana tuƙi a hankali sifirin su zauna, sannan a yi alaimen na taya huɗu a kan kwamfuta, ka karɓi takardar awon a hannunka. Ƙafafun bayan Golf 5 suna saituwa, amma kambar gaba ba ta da wurin saiti sosai daga kamfani, wanda shi ma dalili ne na kada a zurfafa saukarwa. In fitilunka masu daidaita kansu ne, a sake saita su, a kuma tabbatar tiyon birki da wayar ABS ba sa gogar komai in an juya sitiyari har ƙarshe.

Bayan an gama, ka ɗaura 'yar igiyar roba ta ɗaure waya a sandar shokazoba, ka tura ta ƙasa, ka bi hanyar da ka saba bi da lodin da ka saba ɗauka. In ka dawo ka tarar ta cuse cikin robar tare bugu alhali ba ka faɗa wani rami ba, motar ta yi ƙasa da yawa har yanzu, a ƙara ɗaga ta milimita 10 a sake gwadawa.