Amsa ga mai son kai ɗanta gidan tarihi a Landan

Wa alaikumus salam 'yar uwa, na ga tambayarki kan yaronki mai lalurar galahanga wanda hayaniya ke firgita shi. Wallahi nima haka nawa yake, ranar farko da muka shiga wani gidan tarihi ana cikin hutun makaranta ko minti 10 ba mu yi ba ya toshe kunne yana kuka, muka juyo gida.

Ki nemi shirin Dawnosaurs na gidan tarihin Natural History Museum, na yara irin namu ne, a ranakun shirin suna buɗe ƙofa da sassafe kafin ƙarfe 10 da ake barin kowa ya shiga, mutane kaɗan ne, akwai ɗakin da yaro zai zauna ya huce idan abin ya masa yawa. Kyauta ne amma sai kin kama tikiti ta intanet da wuri don yana ƙarewa. Science Museum ma suna da nasu, Early Birds, duk gidajen biyu a unguwar South Kensington suke kusa da juna.

Ki tafi da abin toshe kunne da ɗan abincin da ya saba, ki nuna masa hotunan wurin tun a gida. Kuma dan Allah kar ki ce sai kun zagaye ko'ina, nawa a gaban ƙasusuwan dinoso, manyan dabbobin nan na zamanin da, ya tsaya har muka tashi. Allah ya ƙara masa lafiya.